Teburin Baba Mai Gangare

Teburin sinuka na mahaifina ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun da na buɗe ido a karkace na gan shi. Yana ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gidanmu a Kebbe. Ranar da aka ɗauko shi daga Tambuwal motar ta faɗa wani rami a hanya, ƙafa ɗaya ta karye. Kafinta ya gyara ta, amma ta fito gajera da kamar kaurin yatsa. Tun daga nan duk ƙwallon da aka buga a hankali sai ta lanƙwasa, ta nufi ramin kusurwar gabas. Mutanen garinmu suna kiran wannan lanƙwasa gangare, kuma babu wanda ya san halinsa kamar Baba. Shi ya sa ake ce masa Almu Gangare.

Kullum bayan la'asar maza kan taru a rumfar, rabi su yi wasa, rabi su yi gardama. Gardamar ɗaya ce tun ina 'yar firamare: wa ya fi kowa iya sinuka a ƙasar nan, tun daga farko har yau? Ni daga zaure nake ji, ina tsince shinkafa ko ina karatu.

Kawu Sirajo, yayan mahaifiyata, ba ya da gwani sai marigayi Ɗangiwa.

"Ku yaran yanzu mi kunka sani?" in ji shi. "Ɗangiwa da sandar kiwo ya fara bugu. Sandar da ya koro shanu da ita daga Fakku, ita ya fiƙe wa baki. Ƙyallen tebur ya yage, anka yi mai faci da bargo, a kan bargon nan ya ci mutum goma sha tara ranar Sallah. Ni na ƙirga da bakina."

"Bara sha bakwai ka ce, Kawu," in ji Gazali.

"Na tuno da biyu."

Gazali ɗan kabu-kabu ne, kullum yana hanyar Tambuwal, kuma can gwaninsa yake: Mannir, ɗan shekara ashirin da biyar, mai sa baƙar safa a hannun hagu in zai buga. Gazali ya ce Mannir ya share Dogon Daji, ya je Sakkwato ya share, yana kallon Turawa a waya yana kwaikwayon yadda suke sa ƙwallo ta dawo baya kamar an kira ta.

"A kawo Baturen nan garin Kebbe," in ji Kawu. "In ya jefa uku a jere kan teburin ga, ni zan kai shi tasha a bayana."

Baba ba ya sa baki. Yakan zauna yana goga alli a kan sandarsa yana murmushi, domin duk inda gardamar ta zagaya sai ta biyo ta kansa. Masu son Ɗangiwa sun yarda Baba ne ya karɓi wasan daga hannunsa. Masu son Mannir kuma sun yarda ba a taɓa cin Baba sau biyu a jere a rumfarsa ba.

Ni sunana Halimatussa'adiya, sunan kakata mahaifiyar Baba, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Innata. Na yi difloma a fannin gine-gine. A ɗakin hutun ɗalibai na makarantarmu akwai teburin sinuka miƙaƙƙe, kuma ni kaɗai ce mace da ke ɗaukar sanda. Wata uku na farko babu wanda ya yarda ya buga da ni. In na shigo sai wani ya ce a ba Hajiya wuri ta share tebur. Ban fita ba. Ina zuwa da hantsi in buga ni kaɗai, har ranar da wani ya ce bari ya koya mini hankali, na cinye shi a gaban abokansa. Na faɗi wannan ne don a san ba daga littafi kaɗai na san tebur ba.

Abin ya faru ne a daminar da na gama makaranta na dawo gida. Wata ranar Talata Gazali ya faka babur, ya ce yana da saƙo.

"Mannir ya ce a gaida Baba Almu. Ya ce zai zo ran Juma'a bayan masallaci, wasa biyar."

"Lale," in ji Baba.

"Amma mutanen Tambuwal suna faɗin wata magana." Gazali ya sosa ƙeya. "Sun ce Kebbe ba ta da gwani, tebur gare ta. Wai ko akuya aka ɗora bisa teburin ga, gangare zai jefa mata ƙwallo."

Aka yi dariya, har da Baba. Ni ban yi ba. Na kwana biyu maganar akuyar nan tana cina. Na san idon Baba, na san hannunsa. Na ce a raina mutumin da ke cin kowa a karkataccen tebur, in an ba shi miƙaƙƙe ai sai dai a tausaya wa abokin wasansa. Zan daidaita teburin, Baba ya cinye Mannir, sannan in fito in ce wa Gazali ya ɗora ma'auni ya gani da idonsa, ya kai wa mutanen Tambuwal labari.

Ran Juma'a da safe maza duk suna gona. Na ɗauko ma'aunina na magina, mai ɗigon ruwa a tsakiya, na ɗora a kan tebur. Ɗigon ya gudu gefe guda ya maƙale. Na ɗauko taɓaryar Inna da wani dutse, na cusa taɓaryar ƙarƙashin tebur na danna da dukkan nauyina, na tura yanki biyu na tsohuwar tayar babur ƙarƙashin gajeruwar ƙafar da yatsun ƙafata. Sau huɗu ina ɗagawa ina saukewa kafin ɗigon ya zauna daram a tsakiya. Na tura yashi na rufe robar, na mayar da tamfol yadda Baba ya lulluɓe shi. Na koma ciki ina ji kamar na gina gada.

Bayan masallaci rumfa ta cika har bakin hanya. Mannir ya zo a bayan Gazali, siriri, mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Baba kafin ya sa safarsa. Na tsaya a zaure ina leƙe ta tsagar ƙofa.

Baba ba ya bugu da ƙarfi. Yakan tura ƙwallo a hankali, ya nufi gefen rami da ita, sai ta yi 'yar tafiya ta lanƙwaso ta faɗa. Bugunsa na farko ya nufi gefen rami kamar kullum. Ƙwallo ta tafi gefen rami, ta bugi bango, ta tsaya.

Baba ya dubi kan sandarsa, ya ƙara alli.

Na biyu ma haka. Na uku ma haka. Sai a lokacin na gane abin da ko almajirin kafinta zai gane: shekara talatin da huɗu hannun Baba yana barin wa gangare rabonsa a kowane bugu. Na cire gangaren, na bar hannun. Mannir kuwa ya zo yana tsoron teburin, ya gwada bugu biyu ya ga ƙwallo na tafiya sak, sai ya saki jiki. Wasa uku a jere ya ci, ba a ma kai na huɗu ba.

"Asiri na!" in ji Kawu Sirajo. "Wallahi da laya cikin safar ga. Ƙwallo ta shekara talatin tana lanƙwasa, yau ta ƙiya? Tuɓe safar mu gani!"

Mannir ya tuɓe yana dariya, ya juya cikinta waje. Babu komai sai gumi.

"To a hanya ya haɗiye ta."

Baba ya ɗaga hannu. "Yaya Sirajo, bari. Ba laya ba ta. Hannu na. Ina jin shi yana rawa, ban san ƙarfin da nika bugu da shi ba yanzu. Girma ya zo." Ya miƙa wa Mannir hannu. "Allah shi yi ma albarka, yaro. Ka iya."

Ya tattara ƙwallayen a buhu, ya ja tamfol ya ɗaure da igiya, ya shiga gida ya wuce ni a zaure. Sandar da ba ta taɓa kwana a ko'ina ba sai gefen gadonsa, ya soke ta a rufin rumbu.

Kwana tara ina ɗauke da abin nan. Kullum da safe in ce yau zan faɗa, kullum in tuna sai na faɗa a gaban Kawu da Gazali, waɗanda tun da na dawo suke kirana Injiniya da wata irin murya. Baba kuwa ya daina fita rumfa. Bayan la'asar sai ya zauna a tsakar gida yana gyaran igiyar shanu da ba ta lalace ba. Rannan na same shi ya miƙe hannunsa na dama a rana yana kallo ko zai yi rawa. Bai yi rawa ba, amma ya daɗe yana kallo. Ya ce wa Inna in an sayar da gero zai je a duba masa ido.

A waje gardama ba ta tsaya ba, sai dai an cire sunansa. Saura Ɗangiwa da Mannir. Ranar ta tara na ji Gazali yana cewa, "Baba Almu dai a bar shi, mutumin kirki na, amma an gani."

Na aje tiren shinkafa, na yafa mayafi, na ɗauki ma'aunina na fita. Ban taɓa taka rumfar nan da maza a cikinta ba.

"A'a, Injiniya," in ji Kawu. "Gini za a yi muna?"

"An riga an yi, Kawu."

Na kwance igiya, na yaye tamfol, na ɗora ma'aunin. Na ce Gazali ya zo ya duba ɗigon. Sannan na durƙusa na tone yashin da hannuna, robar ta fito fili.

"Ni na sa. Ran Juma'a da safe. Babu laya, kuma hannun Baba lafiya lau yake. Teburin na daidaita ban gaya wa kowa ba."

Kawu ya riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu. Shekara biyu muna tura ki boko, ashe abin da kinka koyo ke nan? Ki kada ubanki?"

"Na koyo daidai. Tebur ya miƙe ko bai miƙe ba?"

"Ji ta! Ya miƙe, uban naki ya kwanta!"

Gazali ya faɗi kan benci yana dariya har da buga ƙafa. Wani ya ce Allah ya tsare shi da surukar da ta yi difloma, kada ya dawo gona ya tarar an daidaita masa kunya. Na tsaya ƙyam. Na rantse a raina ba zan sunkuyar da kai ba, kuma ban sunkuyar ba.

Ban san Baba ya fito ba sai da na ji muryarsa a bayana.

"Injiniya."

Shi bai taɓa kirana haka ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ya zagaya teburin a hankali, ya tsuguna ya taɓa robar, ya tashi. Kawu ya ce a kawo taɓarya yanzu a cire, a aika wa Mannir ya dawo ya ga ainihin Kebbe.

"Ba a cirewa," in ji Baba.

"Almu, ka ji mi ka ce?"

"In anka cire, na ci yaron ga, mi mutanen Tambuwal za su ce? Su ce ga shi nan, an mayar wa akuya da teburinta. A bar shi a miƙe. Gazali, ka ce ma Mannir bayan kwana arba'in ni zan zo, a teburinsu." Ya juyo gare ni. "Ke kuma da kinka iya ɓarna, an ce kina bugawa a makaranta. Gobe in na dawo gona ki same ni nan."

Haka muka yi kwana arba'in. Da hantsi, kafin rumfa ta samu mutane, ni da Baba da tebur. Makon farko na cinye shi sau ashirin da shida, bai ci ko ɗaya ba. Ban rage masa ba, shi ma bai nema ba. Duk bugun da ya yi sai ya kauce dama da kaurin yatsa. In ce, "Baba, babu gangare." Ya ce, "Na sani." Ya sake bugawa, ya sake kaucewa. Wata rana ya jefar da sanda ya tafi duba shanu, na zauna ina jira har ya dawo ya ɗauka. Na ja masa layi da alli a kan ƙyalle daga ƙwallo zuwa rami, ya ce shi ba ɗan aji ɗaya ba ne, ya goge. Washegari na tarar ya ja da kansa.

Duk kwanakin nan Injiniya yake kirana. A gari kuma an samu abin yi. In na je rijiya mata su ce in duba musu ko tulunsu ya karkace. Inna ta ɓoye taɓaryarta a ɗaki. Ina jin su, ina wucewa, gobe in koma rumfa.

Ranar ashirin da uku ya ci ni wasa ɗaya. Da azahar ya ci tuwo malmala biyu. Zuwa ranar talatin da biyar muna raba wasa, ya ci in ci.

Ranar arba'in muka kama hanyar Tambuwal da babura biyu, Kawu a bayan Gazali, ni a bayan Baba. Kawu ya ce me mace za ta je yi, na ce wanda ya ɓata shi ke rakiya. Ruwa ya ci hanya, sau biyu muna sauka muna turawa cikin laka.

Teburin Tambuwal yana cikin wani shago mai fanka, ƙyallensa kore shar, ko tabo babu. Shagon ya cika da maza, don haka na tsaya a waje, jikin taga mai ƙarafuna, rana tana dukan bayana.

Mannir ya ci na farko. Baba ya ci na biyu, a hankali, yana tura ƙwallo kamar mai lallashin jariri. Mannir ya ci na uku cikin minti huɗu, ya sa farar ƙwallo ta dawo baya har Kawu ya manta ya ce, "Kai!" Na huɗu Baba ya ɓoye masa fara a bayan ƙwallaye sau uku, yaron ya ƙosa ya yi kuskure, Baba ya share. Biyu da biyu.

A na biyar kowa ya jefa nasa, saura baƙar ƙwallo, wadda duk wanda ya jefa ta shi ya ci. Mannir ya buga, ta girgiza a bakin rami ta fito, ta gangaro tsakiyar tebur. Bugu ya dawo hannun Baba. Doguwar tafiya ce zuwa ramin kusurwa, irin wadda a gida yake rufe ido ya jefa.

Ya sunkuya. Daga inda nake ina ganin sandarsa a miƙe. Sai na ga kanta yana zamewa dama, kaɗan-kaɗan, kaurin yatsa. Kwana arba'in sun gudu, shekara talatin da huɗu sun dawo.

"Baba, babu gangare!"

Ban san na ɗaga murya haka ba. Duk shagon ya juyo taga. Baba bai juyo ba. Ya tsaya cak, ya ja numfashi, ya dawo da kan sandar. Ya tura. Baƙar ta yi tafiyarta ba gaggawa, ta isa, ta faɗa.

Kawu Sirajo ya cire hula ya jefa, fanka ta kama ta ta wurga bayan firiji. Kafin ta sauka gardama ta tashi.

"Ba a ci ba! An gaya mai daga waje!"

"Wa ya riƙe sanda, shi ko ita?"

"Mutum biyu sunka taru kan yaro guda!"

"To ashe gwanin Kebbe mace ta!"

"Ɗangiwa ba ya bukatar a yi mai kuwwa ta taga," in ji Kawu, wanda yanzun nan ya jefa hula. Wani dattijon Tambuwal ya leƙo ya tambaye ni ko ba a koya mini kunya ba a gidanmu. Na ce an koya mini, an kuma koya mini awo, in yana da sanda ya fito da tebur waje mu gwada. Ya mayar da kansa ciki.

Mannir ya tuɓe safa ya zo ya durƙusa gaban Baba. "Baba, ka ci. Amma yanzu ɗaya da ɗaya ke nan. Ina son na raba gardama."

"Ran Juma'a," in ji Baba. "Ka zo Kebbe."

Muka kamo hanyar gida da la'asar sakaliya. Baba yana tuƙi yana kauce wa ramuka har muka wuce gonakin bakin gari. Can ya rage gudu, ya ɗan juyo da kai.

"Innata."

Na kama bayan rigarsa na riƙe gam.

"Innata, kina jina? In mun isa ki roƙi uwarki taɓarya. Robar nan taki, a cire ta kafin Juma'a."

"Baba! Bayan wahalar kwana arba'in?"

"Na je gidansu na buga a nasu. Shi ma Mannir shi zo shi ɗanɗana namu."

"Sai dai in ni zan fara bugawa da shi."

Ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi, muka kusa faɗawa laka.

"Bayan la'asar rumfa cike take da maza," ya ce.

"Na sani."

Ya ƙara wuta. "To ki zo da sandarki. Tawa ba a aro."